Manaja Ta Ƙi Bulumboti

Lahadi, 5 ga Oktoba

"...ni dai har yau ban ga abin da ke cikin jini da fitsarin mutane ba, da har za a bar jaririya a gida a tafi leƙawa." Hajiya ke nan, surukata, a falona, jikarta a cinya. Na ce, "Haka ne, Hajiya." Duk karatun da na yi a jami'a, babu jimlar da ta yi mini amfani a gidan aure kamar wannan.

Hutun haihuwa ya ƙare, mako mai zuwa zan koma ɗakin gwaji. An ƙara mini sau ɗaya. Shugabar sashenmu ta ce na biyu babu, akwai masu jiran gurbin. Hajiya ba za ta iya reno ba, gwiwa. Mamata tana wani gari. Injiniya, mijina, yana wurin aikin gada, sai ƙarshen mako yake zuwa da kayan wanki da shawarwari.

Matsalar guda ce: Manaja ba ta karɓar bulumboti. Ubanta ya sa mata wannan suna, don ita ke tsara wa kowa lokacin barci. Watanta huɗu. Mun gwada robar baki mai laushi, mai tauri, mai faɗi. Mun gwada cokali, mun gwada ƙaramin kofi. Kallonmu take yi kamar mun zage ta. Firij cike yake da nonon da na tatsa, an jera shi reras, babu mai sha.

Talata, 7 ga Oktoba

Dillaliyar masu aiki ta turo mata uku. Ta farko, tashoshin da talabijin ɗinmu ke kamawa ta fara tambaya. Ta biyu dattijuwa ce, ta ce ta raini yara sun fi ashirin, kuma duk wanda ya ƙi abu a hannunta hanci take toshe masa ya haɗiye. Na raka ta har ƙofa da ladabi.

Ta uku ba ta da surutu. Farce a yanke, ba ta tari. Ta wanke hannu ba a ce mata ba. Da ta ɗauki Manaja, ba ta yi mata muryar nan ta wasa da manya ke yi wa jarirai ba, ta dai gyara mata wuya.

Na ce, "Kina da yara?" Ta ce, "Ɗaya, Anti. Yana wurin innata. Ya yi wayo."

Na ɗauke ta. Safe zuwa yamma, ba kwana.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Gwaji. Na ɓuya a ɗaki, mai reno tana falo da bulumboti. An ce in jariri ya ji ƙanshin uwa ba zai karɓa ba, saboda haka na rufe ƙofa har da tura tsumma a ƙasanta, kamar mai gudun hayaƙi. Kuka, kuka, kuka. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Na fito na karɓe ta.

Mai reno ta ce, "In yunwa ta ci ta za ta sha, Anti." Kowa haka yake cewa. Ba su san Manaja ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na koma. An canza wurin ajiye safar hannu, an kawo sabbin yara biyu masu ce mini "Madam". Babu wanda ya mutu saboda rashina.

A sito nake tatsa, tsakanin kwalayen sirinji, bayana jingine da ƙofa don ba ta da sakata. Wani ya turo, na ce da mutum. Ya ce, "A sito?"

Da na dawo gida muryar Manaja ta dushe. Ba kuka take ba, buɗe baki kawai take yi. Famfas a bushe. Bulumboti a kan tebur yadda na bar su. Ta kama nono kamar za ta cire. Mai reno tana tsaye a bakin kicin, idonta ja, da tabon jiƙa a gaban hijabinta. Ta ce ruwan wanke-wanke ne.

Talata, 14 ga Oktoba

Na kira gida daga bayi. Ban ji abin da mai reno ke cewa ba, sai kukan da ke bayanta. Na koma na ci gaba da ƙirga ƙwayoyin jinin wani bawan Allah.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na kai Manaja awo da sassafe kafin aiki. Ta ragu. Nas ta taɓa mata maɗiga, ta kalle ni ta saman gilashi, ta ce, "Mama, kina aiki ne?" da irin muryar da ake tambayar mutum ko yana shan taba.

Na roƙi Shugaba ta bar ni in riƙa zuwa gida da rana. Ta san inda nake zaune, ta san cunkoson da ke tsakani, in na tafi sai dai gobe. Ta ce, "Ni ma na haifa. Uku." Na lura waɗanda suka haifa sun fi kowa taurin zuciya a wannan fanni. Sun sha tasu wahalar, ba su ga dalilin da wata za ta wuce salin-alin ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in zauna sosai, ko in ba wani wuri.

Injiniya a waya: "Ki gwada ɗumama shi kaɗan." Allah ya saka da alheri, ban taɓa tunanin haka ba.

Na rubuta takardar ajiye aiki a waya. Gajeriya ce, abin haushi. Ban tura ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Shiru na tarar a gidan, har gabana ya faɗi. Na shiga da takalmi. Manaja tana kwance a gadonta, hannuwa a sama, baki a buɗe, ciki ya taso. Famfas da nauyi. A kicin, bulumboti a wanke, an kife.

Na ce, "Ta karɓa?" Mai reno ta ce, "Ta karɓa, Anti." Tana goge wurin da ta riga ta goge.

Na shiga bayi na yi kuka kaɗan, na wanke fuska. Na goge takardar da ke waya.

Talata, 21 ga Oktoba

Kumatu sun dawo. Na yi aiki yau har na manta da ita na ɗan lokaci. Ba zan gaya wa kowa ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mai reno ba ta zuwa ranar Asabar. Na bar wa Injiniya 'yarsa da bulumboti, na tafi gyaran kai, karo na farko tun da na haihu. Ko tsifa ba a gama ba ya kira. "Ke, wannan yarinyar ba ta taɓa ganin abin nan ba a rayuwarta. Ta watsa mini a ido."

Na dawo da rabin kai a ɗankwali. Na gwada da kaina. Ta tura robar waje da harshe, daidai yadda take yi tun farko, babu ko alamar sabo.

Na ɗauki robobin na duba su a hasken taga. Sababbi ƙal. Abin da ake tsotsa kullum yakan yi laushi, ya ɗan dushe.

Akwai jariran da a hannun mutum ɗaya kawai suke karɓa. Na karanta haka. Na sake karantawa don in ji daɗi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Da safe Manaja tana hannuna mai reno ta shigo. Na miƙa ta. Nan take ta juya kai, ta buɗe baki, tana cusa fuska a ƙirjinta, tana jan hijabin. Mai reno ta yi maza ta juya ta tana kallon waje, ta ce, "Ga mota, ga mota."

Sauran abubuwan da na gani ban so in haɗa ba. Mai reno tana shan ruwa kamar rijiya. Na san wannan ƙishi, ni ma da shi nake yini. Tabon jiƙar nan na makon farko bai sake fitowa ba. Tana zuwa da wani ƙaramin fulas a jaka, da safe tana lilo da shi, da yamma tana riƙe shi a tsaye.

Aikina ke nan, in kalli abu in faɗi abin da ke ciki. Yau na zaɓi in zama jahila.

Laraba, 29 ga Oktoba

Babban injin gwaji ya tsaya da hantsi. Aka ce mai gyara sai gobe, aka sallami rabinmu. Ban kira gida ba. Na cire takalmi tun a matakala, ni da gidana.

Mai reno tana zaune a ƙasa, bayanta jingine da kujera, ta ɗage hijabi gefe. Manaja a cinyarta, ido a lumshe, hannu ɗaya yana wasa da bakin rigarta. Irin wasan da take yi da tawa. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga ƙofa.

Abin da ya fi ba ni mamaki: ban yi ihu ba. Na tsaya na jira ta gama. Ko a wannan hali ba na katse wa Manaja abinci.

Mai reno ba ta tashi ba, ba ta iya ba. Hawaye kawai. Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce tun ranar Juma'ar can da na tarar da shiru. "Ta daina kuka, Anti. Ta yi laƙwas, idonta ya faɗa. Na kira ki, wayarki a kashe. Ni kuma ga shi ya cika yana zuba, yana yi mini ciwo. Na ce sau ɗaya."

"Yaron naki da ya yi wayo, watansa nawa?"

"Shida." Dillaliya ce ta ce mata kada ta kuskura ta faɗa, babu mai ɗaukar mai shayarwa.

Na ce, "Nawa kuma, na firij, a ina kike zubarwa?"

Ta kalli jakarta. Fulas ɗin.

"Ban iya zubarwa ba, Anti. In na koma gida babu saura a jikina, ita ta shanye. Shi kuma ba ya ƙin komai."

Wato ina sito, bayana a ƙofa, ina tatsa wa wani yaro da ban taɓa gani ba. 'Yata kuma tana rayuwa da jikin matar da iyakar binciken da na yi mata shi ne farce da tari. Ban taɓa tunanin jininta ba, ai riƙo na ɗauke ta ta yi. Na san abubuwan da ke bi ta nono. Na san sunayensu, na san yadda layinsu ke fitowa ja a kan tsinken gwaji. Na sha miƙa wa mata irin wannan sakamako a ambulan, ina kallon wani wuri.

Na ce ta je gida, gobe da safe ta same ni a wurin aiki, kada ta shafa komai a hannu. Ta ce, "Korata za ki yi?" Na ce jini zan ɗiba.

Na yi wa Manaja wanka sau biyu. Ban san me nake wankewa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na bar Manaja wurin Hajiya, na ce mai reno ba ta da lafiya. Mai reno ta zo wurin aikina da wuri, da hijabinta mai kyau, kamar mai zuwa kotu.

A ƙa'idarmu mutum ba ya gwada na gidansa, sai na kai ta wurin Mai Gemu, wanda muka fara aiki tare. Na ba shi labari a taƙaice, a tsaye. Ya ɗaure mata hannu, ya ɗiba, ya liƙa lamba. Sai ya ɗauko wata kwalbar, ya ce, "Naɗe hannun riga."

Na ce, "Ni?"

"Yaron mutane ya sha naki ko bai sha ba? Ko naki na masu digiri ne, ba ya ɗaukar komai?"

Na ce an gwada ni da ciki. Ya ce da ciki daban, yau daban. Na naɗe. Mai reno ta kau da kai, ko kunya ce ko tsoron allura.

Tsinken gaggawa bai nuna komai ba, ni da ita, ƙanjamau da ciwon hanta duka. Na san iyakar tsinke. Tabbaci kam sai injin ya tashi. Mai gyara bai zo ba.

Na ce mata ta zauna a gida sai ta ji daga gare ni.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Yini na biyu wurin Hajiya. Manaja ba ta sha komai ba sai abin da Hajiya ta ɗiga mata da cokali, rabi a wuya. Muryar ta fara dushewa kuma. Hajiya ta miƙo mini ita a ƙofa, tana dafe da gwiwa, ta koma ciki. Gara ta yi faɗa.

Shugaba ta tare ni a baranda: "Wata ya ƙare. Yaya?" Na ce Litinin ina nan. Ta ce, "Sosai?" Na ce sosai. Ban san da wa zan bar ta ba.

An gyara injin dab da tashi. Mai Gemu ya ce zai sa namu a layin gobe.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na gaya musu, Injiniya da Hajiya, a zama ɗaya don in huta.

Injiniya ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. A kore ta. A kira dillaliya. A kira 'yan sanda. Na ce a ce musu me, ta ciyar da yarinya? Ya ce cin amana ne. Na ce haka ne. Ya ce to? Na ce ranar Litinin zai tafi da Manaja wurin gada? Ya ce kullum sai na mayar da magana baƙa.

Hajiya kuwa wani wuri hankalinta ya tafi. "Namiji ne ɗan nata?" Na ce namiji. "To ya zama yayanta, ta kowane gefe ma. Ku san sunansa da na ubansa, kada a wayi gari wata rana ya turo neman aure." Injiniya ya ce, "Hajiya, ana maganar cuta kina maganar aure." Ta ce, "Cuta ta likita ce. Wannan tawa ce."

Wayar ta yi ƙara ina yanka albasa. Na kalli sunan Mai Gemu har ta kusa katsewa. Ya ce, "Ku biyun fes. A maimaita bayan wata uku, kin san dalili." Na san dalili. Abin da ya shiga jiki kwanan nan ba lallai ya nuna ba tukuna. Wata uku ina kallon kowane zazzaɓi da ido biyu.

Na ce na gode. Na ci gaba da albasa, ta yi mini rana.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na je gidan su mai reno. Na ce wa Injiniya sakamako zan kai mata, haƙƙinta ne.

Ɗaki ɗaya a bayan shagon mai walda, labule a tsakiya. Innarta tana zaune a bakin gado, ba ta ce in zauna ba sai da ta gama kallona. Yaron yana kan tabarma. Babban kai, siraran ƙafafu, idanu kamar na mai bin bashi. Na duba fuskarsa, ban san abin da nake nema ba. Ya kama yatsana ya kai baki.

Na faɗi sakamakon. Mai reno ta ce alhamdu lillahi, a hankali. Innar ta ce, "Naki fa?" Na ce nawa ma. Ta gyaɗa kai kamar ta ba ni maki.

Na yi jawabin da na shirya a mota: ƙarya ce ta fi ɓata mini rai, ba a yi wa uwa haka, ko da wace niyya. Ta saurara kanta a ƙasa. Duk gaskiya na faɗa. Sai na ji bakina yana tambaya ko za ta iya zuwa gobe.

Ba ta yi tsalle ba. Ta kalli yaron. Kwana uku ke nan yana samun uwarsa shi kaɗai, innar ta ce har barci ya koya.

"In za ta koma, da shi za ta koma," in ji innar. "Ni na gaji da fulas."

Na ce gidana ba gidan reno ba ne. Ta ce ta sani. Mai walda yana ta feshin wuta a waje.

Na kafa sharuɗɗa, da yawa, don kada a ce ban kafa ba. Gwaji duk lokacin da na ce. Babu maganin da za ta sha ban sani ba. A ci gaba da gwada wa Manaja bulumboti kullum. Zuwa ta fara cin abinci kawai, daga nan a sake zama. Ta ce to ga kowanne.

Injiniya ya tafi da yamma. Na gaya masa rabin. Sauran sai ya kai, a waya, inda ba zai iya miƙewa ya zauna a gabana ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Sun zo da wuri, yaron yana goye. Na shimfiɗa tsohon bargo a falo, dama wanki yake jira. Na dafa ƙwai fiye da yadda nake ci, kuskure ne, na ce ta cinye kada ya lalace. Na cika mata babbar gorar ruwa na ajiye kusa da kujera. Wannan lissafi ne kawai, abin da ya shiga shi ke fita.

Manaja ta ƙura wa yaron ido, ta kai hannu ta damƙi kunnensa. Bai yi kuka ba. Zai sha wahala.

Na sa na'urar tatsa a jaka. Na buɗe firij, na rufe. Na ce, "Na jiya yana sama. In ta ƙi, kada ki zubar." Ta ce, "To, Anti." Ba mu kalli juna ba.

Na shayar da Manaja kafin in fita, amma ina ɗaukar makulli ta fara juya kai tana nema. Mai reno ta dube ni. Na ce me take jira.

Na tsaya a ƙofa na ce, "Manaja, na tafi." Ba ta waiwayo ba, tana da aiki. Yaron ne ya bi ni da ido.

Na ja ƙofar a hankali har ta kama, na sauka.